Hoton Zaki da Damisa: Yadda Ake Auna Shi da Yadda Ake Gyara Shi

(Kiɗan buɗe fili)

Jama'a masu sauraronmu na Garun Malam da Kadawa da Ciromawa da Kwanar Gafan, da na Kura da Bunkure, da duk wanda muryar nan ta riske shi a bakin kanal yana jiran ruwa ya iso gonarsa. Barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa.

Mas'alar da za mu warware yau, in Allah ya yarda, ita ce ta ɗaukar hoton manyan namun daji na dangin kyanwa, watau zaki da damisa da 'yan'uwansu, da yadda ake duban hoton a rarrabe mai kyau da maras kyau, da iyakar da aka yarda mutum ya kai wajen gyara shi, sa'an nan da irin kyamarar da ta kamata a saya. La'alla wani dattijo da ke tsugune cikin tumatirinsa zai ce, ina ruwan biri da gada, mu da ko kura mun daɗe ba mu ji kukanta ba, balle zaki? Maganarsa kuwa tana da ƙamshin gaskiya, gama tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwan Kogin Kano ta manyan kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar nan ta zama ta shinkafa da alkama da albasa da tumatir, ba a bar wa naman daji ko inda zai sa haƙarƙarinsa ba. Amma fa samarinmu suna zuwa Gidan Zu na Audu Bako a Kano ranar Salla, makarantu suna kai ɗalibai Yankari, kowa kuma da waya mai kyamara a aljihunsa. Daga cikinsu ne wasu suka aiko mana da hotuna, suna neman a faɗa musu aibinsu tsakani da Allah.

Kafin mu buɗe hotunan, ya wajaba mu san darajar abin da ake ɗauka. Shehun malamin Masar, Kamaluddin Addamiri, wanda ya rasu a 1405, da ya tashi wallafa littafinsa Hayatul Hayawan, da zaki ya buɗe shi, saboda fifikonsa a kan sauran namun daji, a zamanin da zaki ke yawo tun daga Magrib har ƙasar Hindu. Yau al'amarin ya sake. A 2014 masana na ƙungiyar Panthera, ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi shekaru suna yi a dazuzzukan Afirka ta Yamma, suka ce zakokin da suka rage a yankin duka ba su wuce wajen 400 ba, baligai a cikinsu ba su kai 250 ba, kuma a wuri huɗu kaɗai aka tabbatar da su: Niokolo-Koba a Sanagal, da dajin W da Arli da Panjari inda Nijar da Barkina Faso da Binin suka haɗa iyaka, sa'an nan Kainji da Yankari a Nijeriya, waɗanda in an haɗa zakokinsu ba za su kai hamsin ba. Shekara guda bayan haka aka shigar da zakin yankinmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Saboda haka wanda ya ɗauki hoton zaki a Yankari yau, ko ya sani ko bai sani ba, shaida ya ɗauko, shaida kuwa sharaɗinta na farko gaskiya, ado yana biye da ita a baya.

Ba da wasa muka ce shaida ba. Kowane zaki yana da layukan ɗigo-ɗigo baƙaƙe a leɓensa na sama, inda gashin bakinsa ke tsirowa, kuma tsarin ɗigon nan yana nan yadda yake tun yana ɗan ƙarami har ya tsufa, da wuya kuma zaki biyu su yi tarayya cikin tsari ɗaya. Wasu masana biyu, Pennycuick da Rudnai, suka bayyana wannan hanya a 1970 daga aikinsu a ƙasar Kenya, har yau kuma da ita ake gane zaki ɗaya daga wani. Ita damisa, rodi-rodin jikinta shi ne hatiminta. To, idan hotonka ya fito da fuskar zaki tas, har ana iya ƙirga ɗigon leɓensa, ma'aikacin daji zai iya cewa wannan ita ce zakanyar da aka gani bara a bakin Kogin Gaji na Yankari, ashe tana da rai. Idan kuwa ka bi hoton da gyara ka murje ɗigon domin fuska ta yi sumul, ka shafe abin da ya fi kome amfani a cikinsa.

(Gajeren kiɗa)

Hoto na farko wani saurayi ne daga Kadawa ya aiko da shi, zaki ne kwance a kejinsa a Gidan Zu. Ya kai ɗana, ka yi ƙoƙari, amma ga abin da idonmu ya gani. Ragar ƙarfen kejin ta fito rangaɗaɗau, har ana ganin tsatsarta, alhali kuwa zakin da ka je dominsa ya yi dishi-dishi a bayanta, dalili kuwa shi ne kyamara, in an bar ta da ra'ayinta, kan abin da ya fi kusa da ita take ɗora saiti. Kai ne za ka gaya mata abin da kake nufi, ta hanyar taɓa idon zakin a fuskar wayarka kafin ka danna, ko ta sa ɗigon saiti guda ɗaya rak a kan idon in babbar kyamara ce. Gama ma'abota wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan cewa in ido ya fito sarai ana yafe wa hoto laifuffuka da yawa, in kuwa ido ya dushe, kyan geza da na farce ba sa cetonsa. Ita raga kuma akwai dabarar ɓatar da ita tun a wurin ɗauka, ba sai an koma gida ba: a nemi lokacin da zakin ya ja can ƙuryar keji nesa da ita, a tsaya daidai inda inuwa ta rufe ragar don kada rana ta haska ƙarfen, a yi amfani da dogon madubi mai jawo nesa kusa, a buɗe ƙofar haskensa iyakar buɗewarta, sai ka ga ragar ta narke ta zama hazo maras ganuwa. Sai dai duk wannan daga bayan shingen da aka kafa wa masu kallo za a yi shi. Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba, sa'ad da zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan nan, unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin fargaba kafin a mayar da shi. Dabbar da ta sa gari guda ya kasa barci, ba a miƙa mata hannu da waya ta cikin raga.

Aibi na biyu a hoton nan shi ne a tsaye ka ɗauke shi, kana duban zakin daga sama, sai ya fito ƙasƙantacce, ƙasan siminti ta cika hoton. Da ka durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, da bayansa ya yi nisa ya dushe, shi kuma ya fito da kwarjininsa. Ka kuma datse masa wutsiya da rabin ƙafar gaba, ka matse hancinsa da gefen hoto. Ƙa'ida ita ce ko dai a kawo dabba dukanta da 'yar sarari a kewayenta, ko a yi niyyar fuska kaɗai, a kuma bar fili a gefen da take duba, don mai kallo ya ji akwai abin da take hange.

Sa'an nan ga lokaci. Inuwar da ke ƙarƙashin haɓarsa ta nuna da tsakar rana ka je, sa'ad da haske ke saukowa daga tsakiyar ka, ya mai da kwarmin ido rami mai duhu, ya ƙone farin gemu har ba a ganin gashi ko ɗaya. George Schaller, wanda ya zauna da zakokin Serengeti a Tanzaniya ya fitar da littafinsa a kansu a 1972, ya nuna zaki yakan shafe kusan sa'a 20 cikin yini da dare yana hutawa. Wanda ya zo masa da azahar barci zai tarar, daga nan kuma sai shaiɗan ya raya masa ya yi ihu ko ya jefa tsakuwa don dabba ta ɗaga kai, abin da yake zalunci ne ga dabba, cin amana ne ga masu tsaronta, hoton da za a samu kuma na dabba ce mai kunnuwa a kwance cikin ɓacin rai. A je da hantsi da zarar an buɗe ƙofa, ko da la'asar sakaliya, a juya wa rana baya ko a bar ta a kafaɗa, a yi haƙuri har ya juyo wani ɗan haske ya kyalla a ƙwayar idonsa. Wannan ɗan kyallin shi ke sa a ce hoto yana da rai.

Tun da mun shiga zancen haske, bari mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Alhasan ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira, shi ne cikin Kitabul Manazir, shekara dubu da suka wuce, ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, ya kuma gwada haka da ɗaki mai duhu wanda aka huda wa 'yar kafa, surar abin da ke waje ta bayyana a bangon ciki a juye. Kyamarar da ke hannunka ɗakin nan ne aka ƙanƙanta, kuma abu uku take tambayarka kullum: faɗin kafar, da tsawon lokacin da za a bar ta a buɗe, da ƙarfin jin haske na farantin da ke ciki, wanda ake aunawa da lambar ISO. Ga zaki a kwance, kashi ɗaya cikin 500 na sakan ya wadatar. In yana tafiya ko yana hamma ko 'ya'ya suna kokawa, sai kashi ɗaya cikin 1000 ko abin da ya fi haka sauri. Da yawa suna tsoron ɗaga ISO wai kada hoto ya yi tsaki-tsaki, sai su rage sauri, hoton ya girgiza. Alhali tsaki yana da magani a wurin gyara, girgiza kuwa ba ta da shi. Fitilar kyamara kuma a kashe ta, domin a bayan idon dangin kyanwa akwai wani shimfiɗe mai mayar da haske, shi ke sa idon muzuru ya yi wuta in an haska shi da dare, shi kuma zai mai da idon zakinka fitilu biyu marasa ƙwaya.

Hoto na biyu ba za mu daɗe a kansa ba. Wata ɗaliba ce daga Bunkure ta ɗauko shi a Yankari daga cikin motar yawon daji, ta ce zakanya ce a gindin wata bishiya, ta kuwa ja hoton da yatsu biyu har iyakar abin da wayar ke iyawa. 'Yata, mun duba mun sake dubawa, ba mu iya yanke hukunci ko zakanya ce ko suri ba. Jan hoto da yatsu a yawancin wayoyi yanka ne kawai, ana ɗebo tsakiyar hoton a buɗa shi, ba ya ƙara bayani ko ƙwaya ɗaya. Ga kuma kawalwalniyar zafin rana da ke kaɗawa tsakaninki da bishiyar, wadda ko madubin da ya fi kowanne tsada ba ya ƙetare ta. Da kin bar hoton a faɗinsa, da ciyawa da bishiyoyi da sararin sama, da an samu hoton Yankari mai kyau wanda ma'aikatan dajin za su gane wurin, su je su duba sawu. In kin koma, ki roƙi direba ya kashe inji kafin ki ɗauka, ki kuma tafi da 'yar jaka da kika cika da shinkafar Kura mudu guda, ki ɗora ta a bakin taga ki kwantar da kyamara a kai. Manyan masu sana'ar nan da irin wannan jaka suke aiki a cikin mota, don ta fi ƙafar kyamara mai uku zama daram.

(Gajeren kiɗa)

Na uku shi ne ya fi damunmu, shi ne kuma dalilin da ya sa muka tsawaita muƙaddima. Wani bawan Allah ya turo mana hoton wani ƙasaitaccen zaki mai baƙar geza har ƙirji, ya ce abokinsa ne ya tura masa, shi kuma wani ya tura masa, wai a dajin Falgore aka ɗauke shi kwanan nan. Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, sun koya mana cewa ba a karɓar riwaya sai an duba isnadinta da mataninta. Isnadin wannan hoto yankakke ne, gama ba a ambaci wanda ya ɗauka ba, balle rana da wuri. Matanin kuma da kansa yana ƙaryata da'awar: zakin Afirka ta Yamma an san shi da ƙarancin geza, wani ma kusan ba shi da ita, irin wannan baƙar geza mai yawa ta zakokin gabashi da kudancin Afirka ce, can bayansa kuma, in an lura, ga jakunan dawa suna kiwo a fili mai gajeriyar ciyawa, jakin dawa kuwa ba ɗan dajin Falgore ba ne. Hoton kansa na gaskiya ne, wani ya sha wahala ya ɗauke shi a wata ƙasa, ƙaryar tana cikin sunan wurin da aka liƙa masa, wannan kuwa shi ne tadlisi. Illarsa ba ƙarama ba ce, domin yana tsorata makiyaya da manoman da ke gefen daji, yana iya tayar da mafarauta, yana kuma sa ranar da wani ya kawo hoton gaskiya a ƙi yarda da shi.

Kada a ɗauka mu kaɗai wannan cuta ta sama. A watan Oktoba na 2007 wani manomi a lardin Shaanxi na ƙasar Sin, mai suna Zhou Zhenglong, ya fito da hotunan damisa mai ratsi-ratsi ta kudancin Sin, irin wadda aka daɗe ba a gani a daji ba, hukumar gandun daji ta lardin ta gaskata shi, ta ba shi ladan yuwan 20,000. Sai masu lura suka ce, wace irin damisa ce wannan da aka ɗauke ta sau da yawa ba ta ko motsa kai ba? Daga baya aka gano hoton bango ne na kasuwa ya yanko ya kafa cikin ganye; a 2008 hukuma ta amsa cewa ƙarya ne, aka hukunta shi, aka kuma hukunta jami'an da suka tsaya masa. Haka nan babbar gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa: wanda ya ci ta 2009 da hoton kyarkeci yana tsallake shinge, an karɓe kyautar a farkon 2010, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin na gida ne da aka horar, alhali an gabatar da shi a matsayin na daji. Hoton dabbar da ke tsare ba laifi ba ne, muddin an faɗa. Saurayinmu na Kadawa, in ya iya ɓatar da raga har zakinsa ya fito kamar a dawa yake, wajibi ne ya rubuta a ƙasa cewa a Gidan Zu na Kano ne.

To, mene ne ya halatta a gyara? Mizanin da muka gamsu da shi shi ne, duk gyaran da zai mayar da hoto kusa da abin da idonka ya gani a wurin, karɓaɓɓe ne, domin kyamara ba ta kai ido iya haɗa haske da inuwa ba. Duk wanda zai sa a ga abin da ba a yi ba, algus ne. Ka fara da miƙe hoton in ya karkace, ka rage gefe kaɗan in akwai reshe ko gwiwar wani da ta kutso, amma kada ka yanke fiye da kima har hoton ya rasa ƙarfinsa. Ka sauke hasken wuraren da suka yi fari ƙal, ka ɗaga inuwa kaɗan don ido ya fito. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙurar buji ke mai da kome fari-fari, ƙara ɗan bambanci tsakanin haske da duhu yana dawo da hoto hayyacinsa. Inda samarinmu suka fi zamewa shi ne launi: sai a ja ma'aunin har ƙarshe, zaki ya koma ja kamar an tsoma shi a manja, alhali Allah ya halicce shi da launin busasshiyar ciyawa don ya ɓace a cikinta. Kaifafa hoto a taƙaita shi ga ido da gashin baki, in ya yi yawa sai wani farin zare ya kewaye dabbar, wanda masani ke ganewa daga nesa. Rage tsaki kuma a tsaya da shi tun ɗigon leɓe da silin gashi ba su narke ba. Snapseed ko Lightroom a waya sun isa wannan aiki duka, mai kwamfuta kuma yana iya samun darktable ko GIMP kyauta. Amma ƙara geza, da sauya sararin sama, da ɗauko damisa daga wani hoto a ɗora ta a kan reshen wani, da barin manhajojin ƙirƙirarriyar basira su zana gashi da rodi-rodin da kyamara ba ta gani ba, wannan ya fita daga babin ɗaukar hoto ya shiga babin zane, mai yinsa kuwa sai ya kira shi da sunansa.

Kowane hali, a ajiye asalin hoton ba a taɓa shi ba, a yi gyara a kan kwafi. In kyamara tana ɗaukar nau'in RAW a yi amfani da shi, gama ya fi JPEG riƙe bayanin haske, shi ne kuma abin da alƙalan gasa ke nema su gani in sun yi shakka. Akwai kuma wata amana da ke tafe da isnadi: ainihin wurin da ka ga zaki ko damisa, ma'aikatan daji za ka gaya wa, ga sauran jama'a sunan dajin ya isa, don ba kowane mai duban hoto ne ke nufin dabbar da alheri ba.

(Gajeren kiɗa)

Saura tambayar da kowa ya fara da ita, mu kuwa da gangan muka jinkirta ta: wace kyamara zan saya? Abin da ke kawo dabba kusa madubi ne, yawan megafiksel da ake talla da shi ba ya yin wannan aiki, saboda haka mai kuɗi kaɗan ya zuba mafi yawansu a madubi. Ga namun daji, milimita 300 shi ne farkon magana, 400 zuwa 600 shi ne wadata. Wanda bai son ɗawainiyar sauya madubi, akwai kyamarori masu madubi a manne, irin su Nikon P900 da ta fito a 2015, wadda ke jawo abu ninki 83. Tana da sauƙin ɗauka, ƙura ba ta shiga cikinta da sauƙi, sai dai farantinta ƙarami ne, da rana ta yi sanyi hotonta yakan lalace, dangin kyanwa kuwa da asuba da almuru suka fi motsi. Wanda ya ƙudurta koyon sana'ar haiƙan, a ganinmu gara ya nemi ta hannu mai lafiya daga irin su Nikon D7200 ko Canon 7D Mark II, ya haɗa ta da madubin 70 zuwa 300, in hali ya samu daga baya ya hau na 150 zuwa 600 na Sigma ko Tamron. Farantin kyamarorin nan biyu bai kai girman cikakken faranti na manyan kyamarori ba, wannan kuwa riba ce a nan, gama madubin 300 a kan Nikon yana ba da abin da 450 zai bayar a kan cikakken faranti, a kan Canon kuma 480. Sababbin kyamarori marasa madubin ciki, tun daga wajen 2019 da 2020, suna gane idon dabba da kansu su bi shi, ni'ima ce babba ga mai iko, amma ba farilla ba ce. In za ka sayi ta hannu, ka duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska fitila cikin madubin ka ga ko akwai furfurar danshi a ciki, ka gwada saitinta a kan abu mai motsi tun kana gaban mai kanti. In ka saya kuma, kada ka kwance madubi a fili ranar da buji ya taso.

Ya kamata kuma a sani cewa da yawa daga cikin hotunan da suka fi daraja a wannan fanni, babu mutum a bayan kyamara sa'ad da aka ɗauke su. Akwai 'yar kyamarar tarko da ake ɗaurewa a jikin bishiya a kan hanyar dabbobi, wadda ke ɗauka da kanta in ta ji ɗumin jiki ya gifta. Da irinta aka samu hoton rabbin Sahara, siririn ɗan'uwan damisa mai gudu, a duwatsun Termit na Jamhuriyar Nijar a 2010, hoton dare ne maras ado, amma ya tabbatar da dabbar tana nan. Da irinta kuma Sergey Gorshkov na Rasha ya ci gasar Landan ta 2020, da hoton damisa mai ratsi tana rungume da bishiya tana shafa mata ƙamshinta, bayan kyamarorinsa sun yi wata goma sha ɗaya suna jira. Abin da ya ci masa gasa sanin bishiyar da dabbar ke zuwa ne, wannan ilmi kuwa tsofaffin mafarautanmu masu karanta sawu da kashi da kartar farce sun fi kowa shi. Saurayin da ya zauna gabansu da ladabi zai ƙaru da abin da ba a sayarwa a kanti.

Kafin ka tara kuɗin Yankari, makarantarka tana ƙofar gida. Muzurun da ke dakon ɓera a bayan injin casar shinkafa, yadda yake laɓewa, da yadda yake kafa kunne, da rawar da gindinsa ke yi dab da zai daka tsalle, duk ɗabi'un damisa ne a ƙaramin jiki; wanda ya iya kama idonsa tas yana cikin tsalle, zaki a kwance ba zai gagare shi ba. Ga balbela a bayan garma, ga zalɓe a bakin kanal, ga shirwa tana shawagi a kan kasuwar Kwanar Gafan, kowannensu darasi ne na saiti da sauri da haske. In lokacin tafiya ya yi, rani ya fi, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a Kogin Gaji. A shiga da ɗan rakiya na hukumar dajin, kada a sauka daga mota sai da izninsa, a kuma sa a rai cewa giwa da gwanki da gwaggon biri ake gani, zaki sai mai rabo. Dazuzzukan da ake fama da rashin tsaro a cikinsu kuwa, kada kowa ya shiga sai ya tambayi hukuma.

Masu son mu duba hotunansu a fili na gaba, su aiko da guda biyu, asalin da wanda aka gyara, tare da sunan wuri da rana da sa'a da irin kyamarar. In ta WhatsApp ne, a turo su a matsayin takarda, domin in an turo su a matsayin hoto manhajar tana matse su ta zubar da bayanan da ke ciki. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki tsuntsayen fadama. 

(Kiɗan rufe fili)